Saitin Kanel: Me Ya Sa Ake Barin Sababbin Shiga Su Kaɗai a Funtua da Malumfashi?

A ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina tallafin da ya saba bai wa Windows 10. Shekara biyu kafin nan, a Oktoban 2023, WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da Android ɗinsu bai kai na 5.0 ba. A Amurka aka yanke waɗannan shawarwari, amma raɗaɗinsu ya fi sauka a garuruwa irin su Funtua, Malumfashi, Bakori da Ƙafur, inda kwamfutar gwanjo da waya ta hannu su ne abin da aljihun matashi ke iya kaiwa. Na'urar lafiyarta ƙalau, allonta bai fashe ba, tana ɗaukar caji, amma manhajar da ke cikinta ta tsufa, kuma wanda ya ƙera ta ya juya mata baya.

Wannan ne ya sa wasu matasa suka fara leƙa Linux, wasu kuma suka shiga neman yadda za su sa wa tsohuwar waya sabon Android irin LineageOS. Masu zurfin sha'awa a cikinsu sukan zarce zuwa gina babbar manhaja da kansu daga asalin rubutunta. A nan ne akasarinsu ke cin karo da katanga guda, wato saitin kanel, kuma a nan ne waɗanda suka riga su sani ke yawan barin su su kaɗai. Wannan ɗabi'a asara ce ga yankin, kuma gyara ta ba ya buƙatar kuɗi mai yawa.

Mene ne kanel, kuma me ake saitawa?

Kanel shi ne ƙwayar babbar manhaja. Shi ne ke tsakanin ƙarfen na'ura da manhajojin da mutum ke taɓawa. Idan aka danna kyamara, kanel ne ke magana da ita. Idan aka saka filash, shi ne ke gane shi. Shi ke raba ram da lokacin aiki tsakanin manhajoji. Linus Torvalds ya fara rubuta kanel ɗin Linux a 1991 yana ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finland, kuma a yau kowace wayar Android, Tecno ce ko Infinix ko itel ko Samsung, a kan wannan kanel take tafiya. Mai wayar Android a Ɗandume ya daɗe yana amfani da Linux ko da bai taɓa jin sunan ba.

Rubutun kanel ya haura layi miliyan 30, saboda an tanadi direbobi na dubban na'urori, daga ƙaramar waya har manyan kwamfutocin bankuna. Babu na'urar da ke buƙatar duka. Saboda haka kafin a gina shi sai an zaɓi abin da za a saka da abin da za a bari, kuma zaɓuɓɓukan sun haura dubu goma. Ana adana su a fayil guda mai suna .config. Yawancinsu amsa uku gare su: y na nufin a gina abin a jikin kanel, m na nufin a ajiye shi a gefe a ɗauko idan an buƙata, n kuma na nufin a bar shi. Umarnin da aka fi sani na buɗe jerin zaɓin shi ne make menuconfig.

Sabon shiga yakan buɗe wannan shuɗin allo ya tarar da ɗakuna cikin ɗakuna, kowanne da sunaye irin na likitanci. Sai ya yi ɗaya daga cikin kuskure biyu. Ko dai ya kunna komai don tsoro, ginin ya cinye sa'o'i a tsohuwar kwamfuta har wuta ta ɗauke kafin ya kammala, ko kuma ya kashe duk abin da bai gane ba, ya sake kunna na'ura ta tsaya cak da saƙon da duk wanda ya taɓa wannan aiki ya sani, cewa kanel ya kasa buɗe ma'adanar da babbar manhaja take ciki. Sau da yawa dalilin ƙarami ne. Ya sa m a direban ma'adana, kamar na SATA ko NVMe, ko a tsarin fayil na ext4, alhali bai tanadi ƙaramin fayil ɗin farkon kunnawa da ake kira initramfs ba. Direban da zai buɗe ma'adana yana kwance a cikin ma'adanar da ba a buɗe ba, kamar wanda ya kulle ɗaki ya bar makulli a ciki. Wanda ya sani zai gano wannan cikin minti biyu. Wanda bai sani ba zai iya kwana uku a kai, ya yanke hukuncin cewa kansa ne ba ya ja.

Amsoshi biyu da ke kashe gwiwa

Idan irin wannan matashi ya kai kukansa wurin wanda ya fi shi sani, a shagon gyaran waya ko a cikin abokan karatu, amsa biyu ya fi samu. Ta farko ita ce a ce ya je ya karanta, komai yana intanet. Gaskiya ne komai yana intanet. Littafin Linux From Scratch da Gerard Beekmans ya fara a 1999 kyauta ne, haka ma littafin jagora na Gentoo. Sai dai da Turancin masana aka rubuta su, kuma a babin kanel ɗin ma ba su iya faɗa wa mutum abin da ke cikin tasa kwamfutar, domin ba su san ta ba. Wanda bai san sunan matsalarsa ba, ba zai san abin da zai rubuta a Google ba.

Amsa ta biyu ta fi kama da taimako, amma illarta ba ta gaza ta farko ba: a karɓi kwamfutar, a juya masa baya, a yi 'yan danne-danne, a miƙo masa tana aiki. Ko kuma a turo masa fayil ɗin .config na wata na'ura a ce ya yi amfani da shi. Ya tafi da kwamfuta mai aiki da kai wayam. Ranar da ya saka sabon katin wayafai ko ya sauya ma'adana, sai ya dawo layi.

Duk wanda ya taɓa zaman koyon sana'a ya san inda wannan hali ya samo asali. A gareji, a shagon ɗinki, a kasuwar waya, akwai maigidan da ke riƙe wani sirri guda don kada yaron shago ya tashi ya buɗe nasa a gefensa. Ana iya fahimtar tsoron, amma a harkar Linux ba shi da gurbi. Kanel ɗin da maigidan ke taƙama da saninsa, kyauta ya same shi, a ƙarƙashin lasisin GPL na biyu wanda ya wajabta wa duk mai rarraba manhajar ya bayar da asalin rubutunta. Dubban mutanen da bai taɓa gani ba ne suka buɗe masa ƙofa. Rufe ta ga ƙanensa na unguwa rashin adalci ne, kuma ko ta fuskar kasuwa ba dabara ba ce, domin garin da ke da mutum goma masu iya tayar da matacciyar na'ura ya fi jan aiki daga ƙauyuka a kan garin da ke da mutum ɗaya.

Yadda taimako na gaskiya yake

Koyar da saitin kanel ba ya nufin bin zaɓi dubu goma ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya haddace su, har da waɗanda ke rubuta kanel ɗin. Abin da ake koyarwa hanya ce, kuma ana iya nuna ta a zama biyu ko uku.

Matakin farko shi ne a hana sabon shiga farawa daga fili. A kunna kwamfutarsa da filash mai ɗauke da Ubuntu ko Debian ko Linux Mint, a tabbatar allo da sauti da wayafai duk suna aiki. Wannan kanel mai aiki shi ne malamin farko. Umarnin lspci -k zai jero kayan da ke cikin kwamfutar tare da direban da kowanne ke amfani da shi, lsusb zai nuna abin da aka jona ta USB, lsmod kuma zai nuna direbobin da aka ɗauko a lokacin. A sa shi ya rubuta su a takarda da hannunsa. Daga ranar ya daina kallon kwamfutarsa a matsayin baƙin akwati.

Mataki na biyu shi ne a ɗauko saitin wannan kanel mai aiki, wanda galibi yana cikin jakar /boot, a wasu tsare-tsaren kuma a /proc/config.gz, a mai da shi tushe. Umarnin make olddefconfig zai daidaita shi da sabon rubutun kanel. Shi kuwa make localmodconfig zai zubar da direbobin da na'urar ba ta amfani da su a wannan lokaci, abin da ke rage tsawon gini sosai, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a inda ake lissafin wutar KEDCO da man janareto. Amma akwai tarko a ciki da ya wajaba a faɗa masa: duk abin da ba a jone yake ba lokacin da aka ba da umarnin, za a iya zubar da direbansa. Sai a fara jona filash, firinta, da wayar da ake jawo intanet da ita, sannan a ba da umarni.

Mataki na uku shi ne a nuna masa maɓallai biyu a cikin menuconfig. Alamar / tana bincike, alamar ? kuma tana buɗe bayanin kowane zaɓi, wanda sau da yawa yakan ƙare da shawarar abin da mutum zai zaɓa idan yana shakka. Da yawa sun yi watanni suna wahala ba wanda ya nuna musu waɗannan biyun.

Sai ƙa'idojin tsira. Kada a goge tsohon kanel; a bar shi a jerin GRUB domin idan sabon ya ƙi tashi a koma gida. A sauya abu ɗaya a lokaci guda, a gina, a gwada, a rubuta abin da aka sauya. Idan wani abu ya ƙi aiki a karanta dmesg kafin a fara zargi, domin sau da yawa direban wayafai yana nan, ƙaramin fayil ɗin famwaya ne kawai ya ɓace, kuma kanel ya faɗi sunansa ƙarara. Wanda kwamfuta ɗaya ce gare shi, kuma da ita yake cin abinci, ya fara gwaji a cikin QEMU ko VirtualBox, inda faɗuwa ba ta da hasara.

Manomin Malumfashi ba ya zuba sabon iri a gonarsa duka a shekarar farko. Yakan ware kunya kaɗan ya gani, ya kuma ajiye tsohon irinsa a rumbu. Ɗansa da ke zaune gaban kwamfuta ya riga ya san wannan hikima tun daga gida, abin da ya rage kawai a nuna masa cewa ita ce dai ake bi a nan.

Batun waya ya fi tsauri

Da yawa daga masu karatu waya ce a hannunsu, kuma ita suke son taɓawa. A nan mai koyarwa na gari shi ne wanda ke faɗin gaskiya tun kafin a fara. Kanel ɗin waya ba kamar na kwamfuta ba ne. Kowace waya da nata, wanda kamfani ya yi wa gyare-gyare don ya dace da kayan cikinta. Kamfanoni irin su Google, Samsung, Xiaomi da Motorola suna wallafa asalin rubutun kanel na wayoyinsu da dama, shi ya sa sunayensu suka cika jerin wayoyin da LineageOS ke tallafawa tun bayan da ta gaji CyanogenMod a ƙarshen 2016. Wayoyi masu araha da suka cika kasuwannin Arewa kuwa, da wuya a ga sunansu a wannan jeri, kuma idan babu rubutun kanel na waya, babu abin da sabon shiga zai gina.

Akwai kuma haɗarin da ya wuce na kwamfuta. Buɗe makullin farkon kunnawa na waya yana goge duk abin da ke cikinta. Filashin da aka yi da fayil ɗin da ba na wayar ba zai iya kashe ta ko ya ɓatar da lambar IMEI ɗinta, ta daina ganin sabis. Wasu manhajojin banki ma suna ƙin aiki a wayar da aka buɗe. Ga matashin da ke karɓar kuɗin masara ta tiransifa a kasuwar Ɗandume, ko mai sana'ar POS a Bakori, wannan maganar jari ce. Don haka shawarar da ta dace ita ce a fara koyo a tsohuwar kwamfuta, inda kuskure ke gyaruwa da filash guda, sannan a matsa zuwa wayar da ba a dogara da ita ba. Wanda ya ga ƙanensa zai yi gwaji da wayar mahaifinsu ya yi shiru, da shi aka yi ɓarnar.

Masu cewa ɓata lokaci ne

Akwai masu ganin duk wannan wahalar banza ce, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Suna cewa mai son Linux ya saka Ubuntu ko Mint ya ci gaba da aikinsa, tunda an riga an gina masa kanel. Wannan gaskiya ce ga mafi yawan mutane. Mai buga takardu a shagon kwamfuta, ko ɗalibar makarantar ungozoma ta Malumfashi da ke son rubuta aikinta, ba su da wata buƙata da menuconfig, kuma kuskure ne a tura su can. Ita kanta Gentoo, wadda aka sani da gina komai daga tushe, tana bayar da kanel da aka riga aka gina ga wanda ba ya son wahalar.

Sai dai al'umma ba ta buƙatar kowa ya zama makanike, tana buƙatar a samu makanikai. Idan firintar shago ta ƙi aiki da Linux, ko katin wayafai na wata kwamfutar gwanjo ya ƙi tashi, dole a samu wanda ya san inda zai duba, in ba haka ba a koma wa Windows ɗin sata mai cike da ƙwayoyin cuta. Kuma ilimin bai tsaya a gyara ba. Akasarin manyan kwamfutocin da ke riƙe da shafukan intanet Linux suke amfani da shi, haka na'urorin rarraba wayafai da ƙananan kwamfutoci irin Raspberry Pi da ake haɗa na'urorin ban ruwa da na auna yanayi da su. Matashin da ya taɓa tayar da kanel ɗin da ya faɗi ya koyi karanta saƙon kuskure da bin diddigin matsala, kuma wannan ne ake biyan kuɗi a kansa a aikin da ake yi daga nesa.

Hujja ta biyu ita ce tsadar data da rashin wuta. Ita ma gaskiya ce, amma ta fi zama dalilin haɗa kai. Rubutun kanel a dunƙule ya haura megabait 100. Mutum ɗaya ya sauke, goma su kwafa a filash, kuma lasisinsa ya halatta hakan. Shi kansa ginin ba ya buƙatar intanet. Mutanen yankin ba su manta da Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Funtua, Malumfashi da Bakori. A wancan lokaci duk abin da ke intanet ya zama kamar babu shi. Abin da ya yi amfani shi ne abin da ke kan mutane da abin da ke ajiye a gari. Ilimin da ke buƙatar sabis kafin a tuna shi, aro ne.

Wa ya kamata ya motsa?

Funtua mahaɗar hanyoyi ce, zuwa Zariya, zuwa Gusau da Sakkwato, zuwa Katsina ta Malumfashi, kuma ɗalibai daga yankin suna karatun kwamfuta a Jami'ar Ahmadu Bello, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa. Duk hutu suna dawowa gida. Ɗalibi ɗaya da ya iya, da kwamfutar gwanjo biyu, da shagon da ke da sola, sun isa a yi zaman Asabar na mutum biyar. Masu shagunan gyaran waya da suka yi koyo a Farm Centre ta Kano su ma suna da rawar takawa, ko da ta ba da wuri ce da barin yaransu su zauna. Shirye-shiryen gwamnati irin 3MTT da aka ƙaddamar a 2023 suna da amfaninsu, amma ba za su zauna kusa da yaro su duba masa dalilin da ya sa kanel ɗinsa ya ƙi ganin ma'adana ba. Wannan aikin maƙwabci ne.

Kuma a yi shi da Hausa. Umarnin dai ba ya fassaruwa, make menuconfig zai ci gaba da zama make menuconfig, amma bayanin abin da yake yi ba shi da dalilin zama da Turanci. Wanda aka ce masa direban da zai buɗe ɗaki yana kulle a cikin ɗakin ba zai sake mantawa ba. Duk wanda ya warware wata matsala a wata kwamfuta, ya rubuta sunan kwamfutar, da saƙon da ta nuna, da abin da ya gyara ta, ya ajiye inda na baya zai gani. HP da Dell da Lenovo na gwanjo da ke yawo a yankin nau'o'insu ba su da yawa. Cikin shekara guda za a iya tara bayanin mafi yawansu.

Su ma sababbin shiga akwai nasu haƙƙin. Tambayar "ta ƙi yi" ba ta da amsa. Mai neman taimako ya zo da sunan na'urarsa, da hoton saƙon da allo ya nuna, da abin da ya sauya kafin ta lalace. Hakan yana sauƙaƙa wa mai amsa, kuma rabin lokaci mai tambayar yakan gano amsar da kansa yana cikin tattara bayanin. Idan kuma ya samu, ranar da wani ya zo masa da irin tambayar, ya jawo masa kujera ya bar shi ya riƙe madannai da hannunsa.